Rana, Ƙura da Fentin Mota

Yawancin motocin da ke garuruwanmu ba su da gareji. A ƙofar gida suke kwana, su wuni a filin makaranta ko bakin kasuwa. Bayan 'yan shekaru sai a ga rufin motar da murfin injinta sun koɗe, fentin yana ɓarewa kamar saɓar maciji. Me ke jawo haka?

Da farko ya kamata mu san cewa fenti ba ado kaɗai ba ne. Jikin mota ƙarfe ne, shi kuwa ƙarfe idan ya haɗu da ruwa da iskar oksijin sai ya yi tsatsa. Saboda haka a masana'anta akan yi wa mota shafi hawa-hawa: na hana tsatsa, da na share fage, da mai launi, sa'an nan na ƙarshe wanda yake garau kamar gilashi, mai ba da sheƙi. Duka kaurinsu bai wuce kashi 1 cikin 10 na milimita da yawa ba, wato kusan kaurin silin gashi. Wannan 'yar fata ita ce katanga tsakanin ƙarfe da tsatsa.

Babban abokin gabarta shi ne rana. A cikin haskenta akwai wani nau'i da ido ba ya gani, mai suna altirabayolet, wanda Bajamushe Johann Ritter ya gano a 1801. Fenti ya ƙunshi dogayen sarƙoƙin ƙwayoyin sinadari, shi kuwa wannan haske yana tsinka su sannu a hankali, oksijin kuma ta ƙarasa ɓarnar. Zafi yana ƙara wa aikin sauri. Wannan ne ya sa rufi da murfin inji, da suke kallon sama, suke riga ƙofofi lalacewa.

Na biyu ƙurar hunturu. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. A cikinta akwai ɓarɓashin yashi mai taurin gaske. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, ma'adinin da ke cikin yashi yana mataki na 7, gilashin taga kuwa wajen 5.5, fenti kuma yana ƙasa da su nesa. Ke nan yaron da ya ɗauki busasshen tsumma da sassafe yana goge motar mahaifinsa, kankare ta yake yi, ko da yake niyyarsa mai kyau ce.

Na uku, inuwar bishiya ma tana da nata sharri. Kashin tsuntsaye yana ɗauke da asid. Idan rana ta gasa fenti yakan ɗan yi taushi ya buɗe, da dare kuma ya tsuke a kewayen kashin, sai tabo ya zauna. Haka ma kashin jemage da ƙaron itatuwa suke yi.

To, mene ne abin yi? Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. A samar wa mota rumfa ko da ta zana ce. In za a lulluɓe ta, a tabbata an wanke ta ta bushe, mayafin kuma mai taushi ne, an ɗaure shi tamau. Tampol mai kaushi a kan ƙura, idan iska ta kaɗa shi, gurza fenti zai yi. Wajen wanki a fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar kafin hannu ya taɓa. A yi wankin a inuwa, a kuma tsane ruwan da tsumma mai laushi, domin ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna ɗauke da narkakkun ma'adinai da ke barin farin tabo idan suka bushe. A guji garin sabulun wankin tufafi, don yana wanke kakin da ke kare fenti. Shi wannan kaki, wanda ake samun wani irinsa daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Barazil mai kama da giginya, a riƙa shafa shi duk bayan 'yan watanni. Kashin tsuntsu kuwa a jiƙa shi a cire a ranar.

Ga wani gwaji da malami zai iya yi da ɗalibansa. A samo marafan gwangwani 2 masu fenti, a barbaɗa musu ƙura. A goge ɗaya da busasshen tsumma, ɗayan a ɗauraye shi tukuna. A duba su a hasken rana, a ƙirga zane-zanen da ke kan kowanne, a rubuta sakamakon.