Hayaƙi a Sashen Tarihi

Da safiyar Juma'a masinja ya tarar da Farfesa kife a kan teburinsa, rai ya yi halinsa. Tagogi a rufe suke saboda sanyin hunturu, ga ƙaramin janareto a ɗakin ajiya da ke manne da ofishin. Likita ya ce hayaƙi ne, irin gubar nan da ba ta da wari ko launi, mai hana jini ɗaukar iska. Aka ce tsautsayi, aka yi jana'iza bayan an sauko daga masallaci.

Sufeto dai bai gamsu ba, don haka ya fara da mai gadi.

"Baba, a ina ake ajiye injin nan?"

"Ranka ya daɗe, kullum a gindin dalbejiya yake, ɗaure da sarƙa. Lita biyu na zuba masa da magariba, na tafi gadin ƙofar baya."

Lita biyu ba ta kai ƙaramin inji asuba, amma masinja ya rantse da ɗuminsa ya same shi. Ke nan wani ya ƙara mai, ya kuma shigar da injin ciki bayan barci ya sace Farfesa.

Nan take bakin jama'a ya koma kan Shugaban Sashe, wanda suke neman kujerar Shugaban Tsangaya tare da marigayin, har sun yi cacar baki a taro ranar Talata. Sai dai a daren yana Abuja wajen taron TETFund, otal ɗin da ya sauka ya tabbatar.

Sufeto ya koma ofishin ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya. Fayil guda ya ɓace daga aljihun tebur, na ƙarin girman wani Dakta mai neman zama Mataimakin Farfesa. Ƙa'ida ce sai sashe ya tantace rubuce-rubucen mutum kafin a aika wa masu dubawa na wasu jami'o'i. A kwamfutar marigayin kuwa akwai wasiƙar da bai ƙarasa ba: littafin da Daktan ke taƙama da shi, fassarar wasu takardun ajami na Arewa House da ke Kaduna, kundin wani ɗalibi ne da ya rasu, aka sauya masa suna kawai.

Abin da ya fi ciwo, Daktan nan ɗan hannun Farfesa ne. Shi ya koyar da shi, shi ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki, kuma Daktan ne ya fi kowa kuka a maƙabarta.

Wani ɗan bumburutu a bakin ƙofar jami'a ya tuna ya sayar wa Daktan da galan ɗaya wajen sha ɗayan dare. Sufeto ya kira Daktan.

"Malam, motarka ce ta tsaya?" in ji Sufeto.

"E, Yallaɓai."

"Ai motarka tana wajen makaniki tun Laraba. Naɗe hannun rigarka."

Ga ƙuna ɗanya a damtsensa, daidai faɗin salansar injin. Ya ɗauke shi da zafinsa. An samu fayil ɗin a silin ɗin gidansa, aka gurfanar da shi a babbar kotun jiha bisa sashe na 221 na dokar Penal Code, kisan kai da gangan.