Yadda Aka Sauya Wa Tukunyar Nukiliya Ta Zariya Makamashi

Mutane da dama suna wucewa ta Samaru, su ga gine-ginen Jami'ar Ahmadu Bello, ba tare da sun san cewa a nan kusa, cikin Cibiyar Bincike da Horarwa Kan Makamashi, akwai tukunyar nukiliya guda ɗaya tilo da Nijeriya ta mallaka ba. Ƙasar Sin ce ta ƙera ta, aka kuwa fara kunna ta a watan Fabrairu na 2004.

Kada mai karatu ya ji an ce nukiliya ya zaci wata gagarumar tashar lantarki ce. Sam. Cikinta inda makamashin yake bai fi girman ƙaramin bokiti ba, yana nutse a ƙarƙashin ruwa, kuma ƙarfinta duka a farko kilowat 30 ne na zafi. Ba ta ba ko gida ɗaya wuta. Aikinta awo ne. Akan ɗauko ɗan garin dutse, ko ƙasar gona, ko hatsi, a zura shi kusa da cikin tukunyar, ƙwayoyin da ake kira nutiron su buge shi, daga nan sai kowane sinadari da ke ɓoye a cikinsa ya tona kansa ta irin hasken da yake fitarwa. Ta haka masana ke gane zinariya a dutse, ko guba a abinci, komai ƙanƙantarta.

To, ina matsalar take? A makamashin take. Yuraniyum ɗin da ake haƙowa daga ƙasa, kamar na Arlit a Jamhuriyar Nijar, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nasa yake irin da ke tarwatsewa ya ba da ƙarfi, wato mai lamba 235. Sai an tace shi wannan kaso yake ƙaruwa. Idan bai kai kashi 20 ba, ana ɗaukarsa mai ƙaramar tata, ba ya yin bom. Wanda aka zuba a tukunyar Zariya kuwa ya kai kashi 90, wato daidai irin wanda ake ƙera makami da shi.

Gaskiya ne nauyinsa kimanin kilo ɗaya ne, alhali Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana tana lissafin sai wajen kilo 25 kafin a yi maganar bom. Amma kilo ɗaya a nan, kilo biyu a can, ai da haka ɓarawo ke cika buhu. Ga shi kuma jami'a ba barikin soja ba ce, a shekarun da Boko Haram ta kai hari har hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja cikin 2011. Wanda duk ya ce tsoron ya yi yawa, bai auna abin da kyau ba.

Tun 1978 Amurka ta kafa shirin rage tatar makamashin irin waɗannan tukwane na bincike. Sai dai abin ba cire wannan ka sa wancan ba ne kamar batirin rediyo. Idan aka rage tata, dole a cusa yuraniyum mai yawa a cikin ɗan wurin nan, in ba haka ba tukunyar ba za ta kama ba. Tsohon makamashin gauraye yake da alminiyam. Sabon kuwa, mai kashi 13, dunƙulalle ne mai nauyi, an zuba shi cikin bututun wani ƙarfe dabam. Da yake yuraniyum mai lamba 238 da ya yi yawa a ciki yana haɗiye wasu nutiron, sai aka ɗaga ƙarfin tukunyar zuwa kilowat 34 domin masu bincike su ci gaba da samun abin da suka saba samu. Lissafin wannan kaɗai ya ci shekaru, da hannun masanan Zariya a ciki.

Sin ta fara sauya tata ta Beijin a 2016, Gana ta biyo baya a 2017, kuma a can Gana ma'aikatan Zariya suka yi atisayen zaro makamashin kafin su taɓa nasu.

A watan Oktoba na 2018 aka zaro tsohon makamashin, a daidai kwanakin da aka kafa dokar hana fita a Kaduna bayan rikicin Kasuwar Magani. Aka rufe shi cikin wata tukunyar ƙarfe mai kauri wadda ta ninka abin da ke cikinta nauyi sau dubbai. A watan Nuwamba aka kunna tukunyar da sabon makamashi, ta kama lafiya lau. Farkon Disamba kuma wani ƙaton jirgin ɗaukar kaya ƙirar Antonov ya tashi da tsohon daga filin jirgin saman Kaduna, ya mayar da shi Sin inda ya fito. Ba a sanar da jama'a ba sai da kayan suka sauka.

Daga wannan rana Nijeriya ta fita sahun ƙasashe masu ajiye yuraniyum mai babbar tata, kuma ita ce tukunyar bincike ta ƙarshe a nahiyar Afirka da aka raba da shi. Banda Gana da Nijeriya, Sin ta sayar da irin wannan tukunya ga Pakistan da Iran da Siriya.