Itacen Da Ke Harbi Kamar Kunama

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa sharar gona a bakin kurmi ya san karara. To, a gabashin ƙasar Ostareliya akwai itatuwan da suka fi ta mugunta nesa ba kusa ba. Masana suna kiran jinsinsu Dendrocnide. Ƙaramin cikinsu, wanda mutanen wurin ke kira gimpi-gimpi, yawanci ba ya wuce mita 3, amma babban yakan kai mita 35.

Ganyensu faffaɗa ne, bakinsa kamar zarto. Sun fi son inda rana ta sami shiga kurmi, wato inda babban itace ya faɗi, ko gefen hanya da bakin rafi.

Muguntar tana cikin gashin da ya rufe ganye da reshe. Kowane gashi yana da rami a ciki kamar allurar likita, tsininsa kuwa kamar gilashi. Da ka taɓa, sai ya karye cikin fata ya zuba dafi. Zafin yakan yi kwanaki, kuma yakan dawo bayan watanni in ruwan sanyi ya taɓa wurin. Ko busasshen ganye yana harbi. A 2020 masanan Jami'ar Kwinsland suka gano cewa dafin ya yi kama da na gizo-gizo: yana hana jijiya daina kai saƙon zafi.

Wannan itace ba ya ƙasarmu, kuma karara dangin wake ce, ba danginsa ba. Amma ita ma da gashin kwanson 'ya'yanta take cutarwa, don haka dabarar taimako ɗaya ce:

1. Kada a sosa. Susa tana ƙara cusa gashin cikin fata.
2. A manna filasta ko salatif a wurin, a ɓamɓare, a maimaita da sabo.
3. A tuɓe rigar a wanke ta daban.
4. Kada hannu ya je ido.
5. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti nan take.

Kwana ɗaya da aka rasa lokacin girbi hasara ce ga gida duka. Saboda haka in ma'ajinku zai shiga Kano, ta Titin Ibrahim Taiwo ko Kasuwar Sabon Gari, ku sa ya haɗo da filasta da safar hannu don akwatin ƙungiya. Ku tattauna wannan a taronku na gaba, ku kuma nuna wa yara karara tun ba su taɓa ta ba.