Kwana Goma Bayan Tutar Jagora a Japan

Mu ashirin da biyu ne a motar, daga ƙasashe daban-daban, huɗu daga cikinmu Hausawa. Jagorarmu wata dattijuwa ce 'yar Tokyo, mai ɗan ƙaramin jiki, riƙe da 'yar tuta ruwan ɗorawa a kan siririyar sanda, kuma wannan tutar muka bi kwana goma, daga Tokyo zuwa Hakone, Kyoto da Nara. Tun daren farko ta ce mota za ta tashi ƙarfe takwas na safe, ta kuma bayyana mana cewa a wurinsu tun a makaranta ake koya wa yaro ya isa wuri minti biyar kafin lokaci. Da muka fito, direba na tsaye a bakin ƙofa da farar safar hannu, yana rusuna wa duk wanda zai hau. Takwas na bugawa ƙofa ta rufe.

Na ɗauka tsananin son ƙa'ida ne kawai, sai da ta koya mana wata kalma, meiwaku, wato takura ko wahalar da mutum ke ɗora wa wani. Wanda ya makara minti uku, in ji ta, ya ci minti uku na mutum ashirin da ɗaya da babu wanda ya nemi izininsa a cikinsu. Daga ranar duk al'adar da muka ci karo da ita, in na bi saiwarta, sai na tarar da wannan kalma a ƙasa. Mu ma muna da kara da kawaici da alkunya, amma mafi yawa muna yin su ne ga wanda muka sani: suruki, malami, babban wa, maƙwabci. Bajapane yana yi wa wanda bai taɓa gani ba, kuma ba zai sake gani ba.

A jirgin ƙasa aka fi ganin haka. Tarago cike maƙil da mutane da safe, kafaɗa na gugar kafaɗa, amma ba ka jin komai sai ƙarar ƙafafun jirgi. Ba a amsa waya a ciki. Mai jakar goyo yakan juyo da ita gaba ya rungume, don kada ta bugi na bayansa. A kan dandamalin tasha an zana wurin da kowace ƙofa za ta tsaya, mutane su yi layi a gefe, sai na ciki sun gama fita kafin kowa ya ɗaga ƙafa. Ranar da muka hau Shinkansen, jirgin nan mai gudun tsiya da aka fara aiki da shi tsakanin Tokyo da Osaka a 1964, na lura mai duba tikiti in ya zo ƙarshen tarago sai ya juyo ya rusuna kafin ya fita, alhali rabin fasinjojin barci suke yi.

Shara ma haka take. Za ka yi tafiya mai nisa a Tokyo ba ka ga kwandon shara ba, domin an kwashe da yawa daga cikinsu bayan harin iska mai guba da aka kai wa jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin a watan Maris na 1995. Duk da haka titi fes yake. Kowa yana cusa shararsa a jaka har ya koma gida, mu ma jagora ta raba mana 'yan ledoji tun ranar farko. A makarantunsu ɗalibai ne ke share aji da goge daɓe, don haka 'yan kallon ƙwallon ƙafa na Japan da duniya ta gani suna tsince shara a filayen wasa a Rasha a 2018 da Ƙatar a 2022 abin da suka tashi da shi suka yi.

Inda na fi daɗewa ina kallo shi ne masaukin gargajiya da muka kwana a Hakone, irin wanda suke kira riyokan. Da ka shiga ƙofa akwai wani ɗan fili mai ƙasa-ƙasa, genkan, nan duniyar waje take ƙarewa. Ka cire takalmi, ka hau daɓen katako, ka juya takalmin hancinsa ya kalli ƙofa. Cire takalmi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya saba shiga zauren malam ko ɗakin tsohuwa, amma a nan abin hawa-hawa ne. Akwai silifas na yawo a baranda. In za ka shiga ɗaki sai ka bar su a bakin ƙofa, domin ba a taka tatami da komai sai safa ko tsurar ƙafa. Tatami kuwa tabarma ce mai kauri, samanta saƙar wata ciyawar fadama mai ƙamshi, cikinta a gargajiyance karan shinkafa, kuma da adadinta ake auna girman ɗaki, a ce ɗaki mai tabarma shida ko mai takwas. Bayan gida ma da nasa silifas ɗin daban, waɗanda ba sa ƙetare ƙofarsa.

A ɗakin babu gado. Teburi ne gajere da matasai a ƙasa, sai da muka tafi cin abincin dare ma'aikata suka shigo suka shimfiɗa katifun futon. An ajiye wa kowa yukata, doguwar rigar auduga mai ɗamara, kuma jagora ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba yadda muka naɗa. Ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama. Akasin haka gawa ake yi wa. Wani Alhaji a cikinmu ya naɗa a juye, sai ta matso kusa da shi ta yi masa raɗa, babu wanda ya ji, shi da kansa ya ba mu labari daga baya yana yaba mata.

Mutuwa tana leƙowa a teburin abinci ma. Ba a soka tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake ajiye wa mamaci kwanonsa. Ba a miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, domin kusan duk Japanawa ƙona gawa suke yi, kuma bayan ƙonawar dangi sukan tsince ƙasusuwa da dogayen tsinkaye su zuba a tulu. Kafin a fara ci ana haɗa tafuka a ce itadakimasu, ma'ana na karɓa da ƙanƙan da kai, in an gama a ce gochisosama, godiya ga duk wanda ya sha wahala kafin abincin ya iso gabanka. Mu Musulmi sai mun yi taka-tsantsan, don romon alade da giyar shinkafa, sake da mirin, suna shiga girki da yawa ba tare da ido ya gani ba. Jagora ta riga ta aika wa masaukin bayaninmu, aka kawo mana kifi da tofu, wato awara, da kayan lambu a 'yan kwanoni fiye da goma, kowanne da siffarsa. Mai hidimar ta durƙusa a gefen teburi tana nuna kowane kwano tana faɗin abin da ke ciki da abin da aka cire saboda mu.

Hakone ƙasar duwatsu masu aman wuta ce, ruwan zafi na ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kuma wankan onsen shi ne abin da Japanawa ke zuwa nema. Maza da ɓangarensu, mata da nasu. Sai mutum ya zauna a 'yar kujera ya cuɗa jikinsa da sabulu ya ɗauraye tas kafin ya shiga kwamin da kowa ke shiga, ko tawul ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Wurare da yawa ba sa karɓar mai zane a jiki, saboda an daɗe ana danganta zanen da 'yan daban yakuza. Tsirara ake shiga, abin da ni da abokan tafiyata ba za mu iya ba, amma akwai ɗakin wanka na keɓe da ake kamawa na ɗan lokaci, nan muka ɗanɗani ruwan. Da safe da za mu tafi, ma'aikatan suka jeru a ƙofar gida suna rusunawa. Na waiwaya ta tagar baya lokacin da mota za ta sha kwana, suna nan ba su motsa ba.

Wuraren bautarsu iri biyu ne, na Shinto da na Budda, kuma yawancin mutane ba sa zaɓar ɗaya su bar ɗaya. Jariri wurin bautar Shinto ake kai shi, jana'iza kuwa malaman Budda ke yi. A Meiji Jingu, wurin bautar Shinto da ke Tokyo, wanda aka buɗe a 1920 a tsakiyar dajin da aka dasa da hannu da itatuwa kusan 100,000 da jama'a suka ba da kyauta, akwai kwamin ruwa da ludayen gora a bakin hanya. Mai ziyara ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya zuba ruwa a tafin hagu ya kuskure baki, sannan ya tsayar da ludayin ragowar ruwa ya gangaro ya wanke mariƙin saboda mai zuwa bayansa. Hajiyar da ke tare da mu ta dube ni ta ce, "Malam, ka ga kamar farkon alwala." A gaban ɗakin bautar sukan rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su sake rusunawa. Mu muka tsaya gefe, jagora ba ta ce mu yi ba, ba ta kuma tambayi dalili ba. Ranar Juma'a ita ta rubuta mana sunan tashar da za mu sauka don zuwa Tokyo Camii, masallacin da aka fara ginawa a 1938 aka sake gina shi a 2000 da fasalin masallatan Turkiyya. A Nara kuwa mun ga mutum-mutumin Budda na tagulla mai tsayin kusan mita 15 a Todaiji, da barewa fiye da dubu da ke yawo a sake, wasunsu har sun koyi sunkuyar da kai in suna roƙon biskit.

A Kyoto, wadda ta kasance babban birni fiye da shekara dubu tun daga 794, aka kai mu shan shayin gargajiya. Tsarin da ake bi ya samo asali daga Sen no Rikyu, wanda ya mutu a 1591. Ƙofar ɗakin shayi irin nasa ba ta kai santimita 70 ba a tsawo da faɗi, dole kowa ya shiga da rarrafe, jarumin samurai ma sai ya bar takobinsa a waje. Mai gida ta goge kayan aikinta a gabanmu a hankali, ta kaɗa koren garin shayi da maburgin gora har ya yi kumfa. Tana miƙo kwano fuskarsa mafi kyau tana kallonka, kai kuma ka juya shi kaɗan don kada ka sa baki a kan wannan fuskar. Kafin ka kurɓa ka dubi na kusa da kai ka ce osaki ni, wato ka yi haƙuri zan riga ka. Shayin da ɗaci, amma wannan 'yar kalmar ta fi zama mini a rai.

Haƙurin nan nasu baƙi sun kai shi bango a wasu wurare. A unguwar Gion da ke Kyoto masu yawon buɗe ido sun dinga tare 'yan geisha, matan da ke nishaɗantarwa da kiɗa da rawar gargajiya, a hanya suna ɗaukar su hoto, wasu har da jan riga, sai da mazauna unguwar suka kafa alluna na hana ɗaukar hoto a lungunansu da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka rufe wasu lungunan ga baƙi. Jagora ta sauke tutarta da muka shiga unguwar, ta roƙe mu mu rage murya.

Akwai kuma inda al'adar ta sa ni baƙin ciki. Kusan mutum uku cikin goma a Japan sun kai shekara 65 ko sun haura, kuma da yawansu su kaɗai suke zaune. Har suna da kalma, kodokushi, ga wanda ya mutu a ɗakinsa aka yi kwanaki ko makonni ba a sani ba. Tsohon da aka koya wa tun yana yaro kada ya zama nauyi a kan kowa ba zai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ya ce ba shi da lafiya ba, maƙwabcin ma ba zai leƙo ba don gudun shiga hurumin da ba nasa ba. Na tuna yadda a unguwarmu in tsohuwa ba ta fito da safe ba, kafin hantsi an tura yaro ya dubo ta. Wannan kutsen namu da wani lokaci muke ƙorafi a kai, a wannan ranar na ga darajarsa.

Kwana biyun ƙarshe na tsaraba ne, kuma a nan muka ji kamar a gida muke. Omiyage suke ce mata. Wanda ya yi tafiya ba ya komawa wurin aiki hannu rabbana, shi ya sa kowace babbar tasha cike take da kwalayen kayan zaƙi na garin, kowane guda a naɗe daban don a raba wa kowa. A Kyoto yatsuhashi ake saye, wani abin zaƙi na garin shinkafa da kirfa. Da hannu biyu ake miƙa kyauta, mai bayarwa yana cewa abin bai taka kara ya karya ba, daidai da "ga wannan, ba yawa" da muke cewa.

Tukwici kuwa ba a san shi a kanti ko gidan abinci ba, in ka bar canji a teburi za a biyo ka da shi har titi. Don haka da muka zo rabuwa a filin jirgi, mu huɗun muka ba jagora 'yar jakar fata ɗinkin Kano da Hajiya ta taho da ita. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ta daidai goshi, ba ta buɗe ƙunshin a gabanmu ba. Sai ta zuge jakarta ta ciro wa kowannenmu ɗan tsuntsu da ta naɗe da takarda mai launi, ta ce daren jiya ta yi su, guda ashirin da biyu. Muka shiga layin bincike. Da na kai wurin ajiye kaya a tire na waiwayo, tana nan bayan igiya, 'yar tutar na sama.