Kanwa Tana Kwantar Da Ƙwannafi, Amma Ba Ta Warkar Da Gyambon Ciki

A Galtimari, kamar sauran unguwannin Maiduguri, da mutum ya ce ƙirjinsa na zafi bayan tuwon dare, sai a fasa masa ungurnu ko jar kanwa, a jiƙa a kofi a ba shi. Yana kurɓa sai gyatsa ta taso, zafin ya lafa. Daga nan aka ɗauka cewa kanwa maganin olsa ce, wato gyambon ciki.

Iyayenmu ba su yi ƙarya ba game da lafawar zafin. Kanwar da aka daɗe ana haƙowa a yankin Tafkin Chadi tana ɗauke da sinadari irin na bakin-soda, wanda ke kashe kaifin ruwan tsamin ciki nan take. Gyatsar ma iskar da haɗuwarsu ta haifar ce. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, don ciki bai daina zubo tsaminsa ba.

A 1982 wasu likitocin Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori, wadda ita ce silar mafi yawan gyambon ciki, har aka ba su lambar Nobel a 2005. Wata silar kuma ita ce yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Kanwa ba ta kashe wannan ƙwaya, ba ta kuma hana waɗannan magunguna cin bangon ciki.

Ga kuma gishirin da ke cikinta, wanda ke ta'azzara hawan jini ya wahalar da ƙoda. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. 

Don haka, malam, in ƙwannafi ya zame maka abokin kwana, ko ka ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama ba dalili, to lamarin ya wuce jiƙo. Je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko asibiti mafi kusa a gwada ka. In ƙwayar ce, maganin kamar mako biyu kan kawar da ita. Kanwa kuwa a bar ta ga miyar kuɓewa da wake, daidai misali.