Kuɗin Inshorar Shari'a: Wa Ya Kamata Ya Biya?

A ɗauka mota ta buge wani manomi a kan hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, ya karye a cinya. Yana da ikon neman diyya, domin tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta wa masu motoci yin inshora saboda irin wannan ɓarna. To, amma kai ƙara ba a kyauta yake ba. In ya sha kaye, kotu tana iya ɗora masa kuɗin da abokin shari'arsa ya kashe. Wannan tsoro ne kan sa talaka ya ce ya bar wa Allah.

Ingila ta gwada wata dabara. Bayan aukuwar haɗari, mai ƙara yakan sayi inshora wadda za ta biya masa wancan kuɗi in ya faɗi. Sashe na 29 na wata doka ta 1999, wadda ta fara aiki a Afrilun 2000, ya yarda cewa in ya yi nasara, wanda aka kai ƙara shi zai biya har da kuɗin sayen inshorar. A shari'ar Callery da Gray ta 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince da fam 350 a matsayin farashi mai ma'ana.

Aibin tsarin a fili yake, ko da yake an daɗe kafin a yarda da shi: wanda ke saye ba shi ke biya ba, saboda haka babu ruwansa da tsada. Kuɗin shari'a ya yi ta hauhawa, wani lokaci har ya zarce diyyar kanta. Rahoton Mai Shari'a Jackson na 2010 ya soki wannan, aka kuma soke shi daga 1 ga Afrilu, 2013, ban da wasu keɓaɓɓun ƙararraki, kamar wani ɓangare a ƙarar sakacin likita. A madadinsa aka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan diyyar raɗaɗi, aka kuma ɗauke wa mai rauni, in ba a wasu halaye ba, nauyin kuɗin abokin shari'arsa ko da ya faɗi.

A Nijeriya kuwa, Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Guinness da Nwoke ta 2000, ta ƙi yarda a ɗora wa abokin shari'a ladan lauya. Manomin Kurfi ke nan sai dai ya nufi Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko ya daidaita da lauya a kan kaso daga diyyar.