Aski Ga Doki Da Jaki A Bazara: Taimako Ne Ko Cutarwa?

Da hantsi a watan Afrilu, idan ka ratsa Ƙofar Kibo cikin birnin Zariya, za ka ga doki ɗaure a turke, gumi na tsattsafowa ƙarƙashin gezarsa. Mai tausayi sai ya ce a aske shi ya sha iska.

Wannan al'ada ta aski daga ƙasashen sanyi irin Ingila ta fito. Can doki kan tara gashi mai kauri da hunturu, idan aka sukwane shi ya jiƙe sharkaf, ya daɗe bai bushe ba, shi ya sa suke rage masa. Dawakinmu na Hawan Sallah kuwa gashinsu gajere ne, kwance luf, kuma shi ke kare fata daga rana da cizon ƙudaje. Jaki ma haka: a aske bayansa a ɗora akumari, miki ne zai biyo baya.

Abin da suke buƙata shi ne inuwa, ruwa wadatacce, ɗan kanwa, wanka da cire kaska. Tsohon dokin da gashinsa ya yi tsawo ya ƙi zubewa, alamar ciwo ce. A kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru.